Masu Doki a Rairayin Labadi

Wanda yake son ya ga sana'ar masu doki a Labadi, kada ya fara zuwa da la'asar. Da la'asar kasuwa kawai zai tarar. Ya je bayan sallar asuba, lokacin da kujerun roba suke kife a kan tebura, masu shara suna tsince kwalaben daren jiya, rairayin bakin ruwa kuma yana jiƙe, ya yi tauri kamar daɓen ɗaki. A wannan lokaci na fara ganinsu: dawaki huɗu ba sirdi, yara uku suna janye da su a ragama, wani dattijo yana biye da su a baya, bai ce uffan ba, idonsa yana kan ƙafafun dabbobin.

Yaran suna kiransa Baba, ni ma haka na kira shi. Da muka gaisa ya ji Hausata, ya ce, "Ɗana, daga Kano?" Na ce daga can. Ya ce kakansa ma daga wajen can ya taso, amma shi bai taɓa zuwa ba. Hausarsa ta zango ce, wadda ba ta cika raba "ya" da "ta" ba, wadda kalmomin Tuwi da na Ga suke shiga cikinta su fita ba tare da mai magana ya lura ba. Sunayen dawaki kuwa bai ɓata ko ɗaya ba. Ya nuna mini akawal, ya nuna kili, ya nuna wani ja mai farin goshi, sannan goɗiya ɗaya hurde da ya ce ita ce uwar gida, ita ake ɗora wa yara da matsorata.

Ya tsayar da akawal ɗin, ya shafo ƙafarsa ta gaba daga gwiwa zuwa ƙasa, ya ɗaga kofaton ya ƙwaƙule da wani lanƙwasasshen ƙarfe. Wani ɗan gilashin kwalba ya faɗo. Bai shiga nama ba. Baba ya ɗauke shi ya jefa a aljihu, ya koma ƙafa ta biyu. Ƙafa goma sha shida ke nan kowace safiya, kuma ba ya bar wa yaro wannan aiki.

Labadi bakin teku ne a garin La, ɗaya daga cikin tsofaffin garuruwan ƙabilar Ga, gabas da Osu, a kan hanyar da ta bi gaɓar ruwa zuwa Teshi da Nungwa har Tema. A allon ƙofa an rubuta La Pleasure Beach, amma kowa Labadi yake cewa. Manyan otal biyu sun sa shi a tsakiya, filin baje koli na ƙasa da ƙasa yana nan kusa, tafkin Kpeshie kuma yana ta gabas, inda ruwansa yake haɗuwa da na tekun Atlantika. A duk Akra, wadda Hausawan Gana suke kira Ankara, babu bakin tekun da ya kai shi cika. Ana biyan kuɗi a ƙofa, a shiga a tarar da masu kiɗa, masu wasan tsalle-tsalle, masu gasa kifi, masu cicinga da yajin ƙuli irin na tsiren gida, da kuma dawaki suna ratsa mutane.

Bahaushen da ya san doki dole ya yi mamakin ganinsa a nan. Mun tashi da sanin cewa doki ba ya zama a kurmi. Ƙudan tsando yana cizonsa, sammore ta kama shi, ya rame ya mutu, shi ya sa rundunonin dawaki na sarakunan arewa ba su taɓa yin nisa cikin dajin kudu ba. Amma Akra ba kurmi ba ce. Tana cikin wani fili mai ciyawa da gajerun itatuwa wanda ya tsaga dajin ya sauko har bakin teku, ruwan saman da take samu a shekara bai cika wuce milimita 800 ba, alhali Kumasi, da take can ciki, tana samun kusan ninki biyu. Wannan ƙarancin ruwa shi ne rahamar doki. Shi ya sa shanu suke kiwo a filayen bayan gari, shi ya sa Turawan mulki, bayan sun ɗauke hedkwatarsu daga Kef Kos zuwa Akra a 1877, suka iya kafa filin sukuwa da na holo.

Hanyar da doki ya biyo kuwa ita ce hanyar goro. Fataken Kano da Katsina suna tafiya Gwanja da kanwa da fata da tufafi da dabbobi, su sauke a Salaga, su juyo da goro. Da yaƙin basasa ya rushe Salaga a 1892, 'yan kasuwarta suka watse zuwa Kete Karaci da Kumasi da garuruwan bakin teku. Zangunan Akra suka ƙaru: Sabon Zango da Malam Baƙo ya kafa, daga baya Nima da Mamobi. A cikin waɗannan unguwanni aka riƙa samun mutanen da suka gaji riƙon doki, masu yi wa sarkin zango hawa ran salla, masu kula da bargar masu kuɗi, masu hawa a filin sukuwa. Baba ya ce a tsohon filin sukuwa na tsakiyar gari ya koyi aikinsa, yana yaro, yana kwasar kashi. Yau babban otal ne a wurin. Ba duk masu doki a Labadi ne 'yan zango ba. Akwai Ga, akwai mutanen arewacin Gana, akwai waɗanda suka zo daga Burkina Faso. Amma kalmomin aikin da yawa namu ne, kuma ka ji yaron da ba Bahaushe ba yana cewa a miƙo masa linzami.

Na tambayi Baba wahalar sana'ar. Bai yi dogon bayani ba. Ya ce, "Doki yana ci kwana bakwai, yana aiki kwana biyu."

Duk lissafin sana'ar yana cikin wannan magana. Daga Litinin zuwa Juma'a rairayin kusan fayau yake, sai baƙin otal da 'yan ɗaiɗaiku. Asabar da Lahadi ake samun kuɗi, sai ranakun hutu: Litinin ɗin Ista, 6 ga Maris ranar 'yancin kai, 26 ga Disamba, sabuwar shekara, da kuma kashegarin ƙaramar salla da babba, lokacin da samari da 'yan matan zango suke cika motocin tirotiro su sauko da sabbin kaya. Abin da aka tara a waɗannan ranaku shi zai ciyar da barga sauran kwanakin. Doki matsakaici yana buƙatar busasshen abinci kusan kashi biyu cikin ɗari na nauyinsa kowace rana, wato kilo shida ko bakwai, in kuma ɗanyar ciyawa ce sai an ninka haka sau da yawa. Ruwa zai sha lita talatin ko fiye a ranar zafi, ga na wanka. A birnin da kowane fili ake kafa masa tubali, ciyawa ta zama abin nema. Yaran Baba suna fita da lauje da buhu tun duhu, su bi gefen titi, su bi bakin tafki, su bi filayen da aka kewaye ba a gina ba, wani lokaci sai sun sallami mai gadi. Dusar masara da ta alkama saye ake yi a wurin masu inji. Harawa, in an samu, daga arewa take zuwa a kan motocin kaya, da tsadarta. Kanwa ba ta yankewa a bargar, ana jiƙa ta a ba su. Ruwan ma saye ne, jarka jarka.

To a kan wannan sai ka ɗora damina. Yuni a Akra wata ne na ruwa, sararin sama ya yi toka-toka, teku ya yi fushi, ba mai zuwa shan iska. A 2020, da annobar korona ta zo, gwamnati ta rufe bakin teku wata da watanni. A Disamban 2021, ana jajibirin Kirsimeti, lokacin da kowa ya gama cin bashi yana jiran kwanaki goman da suke biyan rabin shekara, hukumar tsaron yankin Akra ta sake ba da umarnin rufewa. A ƙarshen 2022 hauhawar farashi a Gana ta haura kashi 50 cikin ɗari, buhun dusa ya tashi, mai zuwa yawo kuma ya fara ƙirga kuɗin aljihunsa kafin ya ɗora ɗansa a doki. Mai sayar da lemo in an rufe wuri sai ya kulle firjinsa ya tafi gida. Mai doki ba shi da abin kullewa. Baba ya ce dawakinsa shida ne kafin annobar, biyu ya sayar don ya ciyar da huɗu. Da yake faɗa, hannunsa yana kan wuyan goɗiyar.

Wajen azahar aka fara ɗaura sirdi. Nan ma akwai ilmi. Iskar teku gishiri ce, tana cin ƙarfe tana busar da fata. Linzami da likkafa in ba a goge su kullum ba sai tsatsa, fatar sirdi in ba a shafa mata man kaɗanya ba sai ta tsage. Ana fara shimfiɗa bargo mai kauri, a kakkaɓe shi sosai, domin ƙwayar rairayi ɗaya a ƙarƙashin sirdi, in gumi ya jiƙa ta, ta isa ta goge bayan doki ta buɗe gyambo. A ja majanyi, a bari dokin ya saki numfashi, a sake ja. Sannan ado: tuntaye na ulu ja da rawaya da kore, launin tutar Gana, a goshi da ƙirji. Ba kayan hawan daba ba ne, ba lifidi ba jalala mai zinariya, amma a hoto yana fitowa, kuma hoto ne rabin abin da ake saya.

Da la'asar ta yi, na gane dalilin da ya sa Hausawa suka ce dokin mai baki ya fi gudu. Babban yaron Baba, saurayi ne da bai wuce shekara ashirin ba, yana ratsa teburan yana janye da kili, harshensa yana juyawa daidai da fuskar da ya gani. Ya yi wa wata uwa Tuwi, ya yi wa wasu samari Turancin titi yana kiransu "cale", ya yi wa wasu 'yan Togo Faransanci gutsi-gutsi, ya hango wata mai lulluɓi ya rusuna ya ce, "Hajiya, a ɗora autan, zagaye ɗaya kawai, ni zan riƙe." Ba iyayen yake fara kallo ba, yaron yake kallo. In idon yaro ya maƙale a kan doki, ciniki ya faɗa, saura kawai a daidaita kuɗi. Farashi ba a rubuce yake ba. Akwai na hoto kawai, a hau a tsaya a sauka. Akwai na zagaye, a je har wajen duwatsu a dawo. Baƙon da ya zo daga Amurka neman tushen kakanninsa, irin waɗanda suka yawaita tun shekarar komowa gida ta 2019, ba zai biya abin da ɗan Teshi zai biya ba, kuma kowa ya san haka. Wasu su ba da takardar sidi, wasu su tura ta waya, abin da suke kira Momo. Da dare ake lissafi, a fitar da na ciyawa da na ruwa tukuna, a ba yaro rabonsa, abin da ya saura na maigida.

Amma baki kaɗai ba ya riƙe mutum a wannan aiki. Yawancin masu hawan ba su taɓa taɓa doki ba. Dole mai riƙewa ya karanta mutum kafin ya kai ƙafa likkafa: wannan zai ƙanƙame linzami ya ja da ƙarfi, wannan za ta yi ihu da zarar dokin ya motsa, wannan ya sha abin sha, yana son ya yi sukuwa a gaban abokansa. Ta hagu ake hawa. Yaron ya danne likkafar dama don kada sirdi ya juya, ya ce a riƙe gaban sirdi, a miƙe baya, a bar masa sauran. Linzamin da ke hannun mahayi na ganin ido ne, ragamar da ke hannun yaron ita ke tafiyar da doki. Yana bi da shi ta jiƙaƙƙen rairayi, inda ƙafa ba ta nutsewa, domin busasshen rairayi mai zurfi yana gajiyar da jijiyar ƙafa. Idonsa ɗaya yana kan igiyar ruwa, ɗaya yana kan yaran da suke gudu. Doki yana ganin kusan duk kewayensa amma ba ya ganin abin da ke daidai bayansa, kuma abin da bai gani ba shi yake harbi. Ga ƙwallo tana tashi, ga ganga, ga lasifika, ga babura masu ƙafa huɗu da suka shigo sana'ar haya suna raba masu hawa da dawaki, suna kuma razana su.

Dokin da zai jure wannan hayaniya yin sa ake yi. Wanda aka kawo daga arewa bai taɓa ganin ruwan da yake tasowa ya nufo shi da ruri ba. Makonni ake yi ana kawo shi da asuba, a tsayar da shi nesa, gobe a matso, a haɗa shi da tsohon doki da ya saba, har ranar da kumfa za ta taɓa kofatonsa bai ja da baya ba. Bayan ruwa sai kiɗa, bayan kiɗa sai taro. Wani ba ya taɓa sabawa, sai a sayar. Yaro ma haka ake yin sa. Shekararsa ta farko kwasar kashi ce da ɗiban ruwa da yankan ciyawa. Daga nan a bar shi ya yi kilisa da safe. Sai Baba ya ga yana iya gane doki mai ciwo daga tsayuwarsa, sannan zai miƙa masa ragama da ɗan mutane a kan sirdi.

Ciwon da suka fi tsoro ciwon ciki ne, kuma teku ne yake kawo shi. Duk abin da magudanan Akra suka kwaso, ledar ruwan sha, robobi, tsummokaran gwanjo, ruwa yana kai su teku, teku kuma ya dawo da su gaɓa, musamman bayan ruwan sama. Doki ba ya amai. Abin da ya haɗiya sai dai ya wuce ko ya tsaya, in leda ta tsaya a hanji, sai ka ga dabba tana kallon cikinta, tana tonon ƙasa, tana birgima, kafin likita ya iso wani lokaci an makara. Rairayi ma haka: in ana zuba wa doki abinci a ƙasa, yana ci yana haɗawa da yashi, ya taru a ciki. Shi ya sa a wurin Baba ba a ciyarwa sai a cikin rabin ganga, ciyawar gefen titi kuma sai an baje ta an tsince ledar cikinta da hannu.

Ba zan ɓoye ba, ba kowane doki a Labadi yake samun wannan kulawa ba. Na ga wanda haƙarƙarinsa suke a ƙirge, na ga wanda aka rufe masa gyambo da bargo aka ɗora sirdi a kai, na ga an ɗora ƙarti biyu a kan ɗan dokin da bai kai ya ɗauki ɗaya ba, alhali masana sun ce kada kayan doki ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa. Abin ya dame ni ƙwarai, kuma talauci bai isa ya wanke shi duka ba. Yawanci irin wannan yana faruwa ne inda mai dokin yake zaune a gida, ya yanka wa yaro kuɗin da zai kawo kowace rana, ko an samu ko ba a samu ba. Yaron da aka matsa shi ma zai matsa wa dabba. Mai zuwa hawa yana da ikon da bai sani ba. Ya duba ƙugun dokin, ya duba gefen bakinsa, ya ce a ɗaga bargon ya gani. In mutane suka riƙa wuce ramammen doki suna zaɓar mai ƙoshi, masu ramammun za su fara sayen dusa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne kusan faɗuwar rana. A gida doki na sarauta ne da dukiya. Talaka yana ganinsa ran hawan salla daga bayan dogarai, in ya hau to ranar angwancinsa ce ko saukar karatu, mace kuwa sau da yawa takan rayu har ta tsufa ba ta taɓa sa ƙafa a likkafa ba. A Labadi na ga 'yan mata huɗu, daga maganarsu 'yan arewacin Gana ne, irin masu dakon kaya a ka a kasuwar Makola da ake kira kayaye. Sun yi kwalliyar Lahadi. Suka tsaya nesa suna kallon goɗiyar, suna ƙus-ƙus, sannan suka kwance bakin zane suka haɗa kuɗi. Bai kai na zagaye huɗu ba. Yaron ya kalli Baba, Baba ya ɗaga kai.

Ƙaramarsu aka fara ɗorawa. Ta ƙanƙame gaban sirdi, ta rufe ido. Baba da kansa ya karɓi ragamar, ya ce, "'Yata, buɗe idonki, ba za ta kayar da ke ba." Ta buɗe. Goɗiyar ta taka a hankali a bakin kumfa. Kafin su kai duwatsu yarinyar ta saki hannu ɗaya, ta gyara ɗankwalinta, ta miƙe zaune, tana kallon mutane daga sama. Wadda take yini da kwanon kayan wasu a kanta, yau ita aka ɗauka. 'Yan uwanta suna bin ta da waya ɗaya, suna kiran sunanta.

Da aka kira magariba kiɗa bai tsaya ba, amma dawakin Baba sun tashi. A bayan rumfuna, inda fitilun otal ba sa kaiwa, aka sauke sirada aka jingine. Yaran suka kawo jarkoki, aka wanke gishiri da gumi daga baya da ciki da ƙafafu, da ruwan daɗi wanda aka saya da kuɗi. Baba ya sake bin kofato goma sha shida da fitilar wayarsa. Aka zuba dusa a rabin ganga, aka baje ciyawa aka tsince ta. Wani yaro ya kawo masa dokunu da kifi a leda, ya ajiye a kan buhu. Ya yi alwala da ragowar ruwan jarka, ya yi salla, ya zauna a bakin turke yana sauraron tauna. Sai da ya ji bakin nan huɗu duk suna aiki, sannan ya jawo ledar ya kwance.